Mai Gadin Da Ba Ya Duba Fuska

Masu karatu, yau ku yi mini afuwa in ɗan jingine labarin soyayya a gefe, domin akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga in ban amayar da shi ba, ba zan samu sukuni ba.

A watan Fabrairun 2023 ne, lokacin da canjin kuɗi ya jefa mu cikin halin da kowa ya sani, mutum da kuɗinsa a banki amma riƙe naira dubu biyar a hannu ya gagare shi. Na tashi daga Kano na je Zariya duba ƙanwata da ke kan gwiwa. Tun la'asar ake abu ɗaya, haihuwa ta ƙi zuwa, har wajen ƙarfe ɗaya na dare likita ya fito ya ce sai an yi mata aiki, kuma sai an ajiye wani abu kafin a shiga da ita. Mijinta ya dube ni, na dube shi. Na san abin da ke asusunsa bai kai ba, tsabar kuɗi kuwa a wannan watan ko a mafarki. Aka rubuto mana lambar asusu a 'yar takarda. Na zaro waya na buɗe manhajar banki, na rubuta naira dubu 250, na sa lambar sirri, na danna. Sai ga saƙo wai an dakatar da wannan hulɗa saboda tsaro, in tuntuɓi banki. Na sake, haka. A karo na uku ma sai aka rufe manhajar baki ɗaya.

Mai karatu, ban san ko ka taɓa jin kukan 'yar'uwarka ta bayan ƙofa alhali maganin kukan yana cikin tafin hannunka an hana ka shi ba. Na kira layin bankin, aka bar ni da kiɗa a kunne. Da ƙyar wata baiwar Allah ta ɗauka, ta shiga jero mini tambayoyi: sunan mahaifiyata, ranar haihuwata, kuɗin ƙarshe da ya shigo mini. Ina amsawa ina faɗa. Minti arba'in cif kafin kuɗin nan su fita. Allah Ya taimaka likitan mai tausayi ne, da ya ga abin da muke ciki bai jira alat ba ya shiga da ita. Aka ciro 'ya mace, uwa da 'ya lafiya. Amma ni na kwana da alwashin gari na wayewa zan rufe asusun nan.

Ban rufe ba. Abin da ya hana ni shi ne wata hira da na yi da ƙanin wani abokina, yaro ne da ke aikin tsaron kwamfuta a wani kamfani a Abuja, ya zo Kano ɗaurin aure. Na zayyane masa komai ina jiran ya taya ni zagi, sai na ga yana murmushi. Ya ce, "Yaya, wayar da ka tura kuɗin da ita, yaushe ka saye ta?" Na ce kwana uku kafin ranar. Ya ce, "Ka saba tura kuɗi da tsakar dare?" Na ce ina, ni da ko sha ɗaya ba na kaiwa. "Ka taɓa tura wa wannan asusun?" A'a. "Nawa ka saba turawa?" Na ce dubu goma, ashirin, in ta yi yawa hamsin. Ya ce, "To Yaya, don Allah a ce kai ne mai gadin. Ga wani da sabuwar waya, a garin da mai asusun ba ya zama, ƙarfe ɗaya na dare, yana son kwashe kusan duk abin da ke ciki zuwa wurin da ba a taɓa kai ko kwabo ba. Za ka buɗe masa ƙofa?"

Na yi shiru. Ya ƙara da cewa babu wani ɗan Adam da ya zauna ya hana ni, ma'aikatan duk suna barci. Manhaja ce irin wadda yanzu ake kira ƙirƙirarriyar basira, ta auna abin da na yi a daren da abin da na saba yi, ta ga ban yi kama da kaina ba.

Wannan magana ta mayar da ni baya shekaru kusan ashirin, lokacin da na yi asarar da har gobe in na tuna sai gabana ya faɗi. Waɗanda suka yi rubutu a farkon shekarun 2000 sun san yadda muke yi: ka rubuta littafinka da biro a littafin makaranta, ka kai wa masu buga takardu su shigar maka a kwamfuta, a zuba maka a faifan fulofi, daga baya aka samu filashi. Littafina na biyu, shafi ɗari da wani abu, na kai filashin wani kafe don in tura wa wani malamina ya duba mini, na dawo na soka a kwamfutar mai bugun. Washegari duk fayilolin sun zama wasu irin alamomi kamar rubutun aljanu. Littafin makarantar kuwa tuni yara sun yage shi. Na ce da mai shagon, ba kana da manhajar riga-kafi ba? Ya ce akwai, amma wannan cutar sabuwa ce, manhajar ba ta san ta ba.

A lokacin na ɗauka kare kansa kawai yake yi, ashe gaskiya ya faɗa. Riga-kafin wancan zamani tamkar mai gadi ne da aka ba kundin hotunan ɓarayi. Duk wanda ya zo ƙofa sai ya ɗaga kai ya dubi fuskarsa, ya duba kundi. In hotonsa na ciki a kama shi, in babu ya wuce, ko da kuwa da tsani da guduma a kafaɗarsa. Wannan dabara ta yi aiki lokacin da ɓarayin ba su da yawa. Cutar farko da ta yaɗu a kwamfutoci irin namu, wadda ake kira Brain, wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta ta a Lahore ta Pakistan a 1986, kuma don rashin tsoro har adireshin shagonsu da lambar waya suka saka a ciki. A kan fulofi take tafiya, daga hannu zuwa hannu, sai ta yi watanni kafin ta tsallaka teku. Zuwa watan Mayun 2000, da wata cutar ta fito daga Manila cikin rigar wasiƙar soyayya, kwanaki kaɗan suka ishe ta shiga miliyoyin kwamfutoci ta hanyar Imel. (Mu marubuta soyayya sai mu ɗauki darasi: ba abin da ɗan Adam ke saurin buɗewa kamar takardar da aka ce masa ana son sa.) 'Yan dandatsa kuma sun koyi sauya wa cuta kama duk lokacin da ta shiga sabuwar na'ura. Cibiyar AV-TEST da ke Jamus, wadda aikinta ke nan, ta sha bayyana cewa tana samun sababbin miyagun manhajoji sama da 450,000 a kowace rana. Wane kundin hoto ne zai ɗauki wannan?

Abin mamaki, tun kafin a kai ga haka wata mata ta hango mafita. Dorothy Denning, masaniyar kwamfuta a Amurka, ta wallafa wata maƙala a 1987 inda ta kawo shawarar a daina dogara da sanin ɓarawo kaɗai, a koma sanin mutanen gida. A lura da kowane mai amfani da na'ura: yaushe yake shiga, daga ina, me yake taɓawa, nawa yake ɗauka. In an san al'adarsa, duk ranar da aka ga abin da ya kauce mata sai a buga ƙararrawa. Duk wanda ya tashi a unguwa irin ta cikin birni ya san wannan ilimin. Tsohuwar da ke zaune a soro ba ta san sunan ɓarawo ba, amma ta san maƙwabcinta ba ya fita da akuya bayan isha'i. Bankuna ne suka fara cin moriyar abin sosai. A 1992 wani kamfani mai suna HNC a San Diyego ya fitar da manhajar Falcon, wadda aka gina kan wani tsarin lissafi mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, aka ciyar da ita tarin cinikayyar katin banki, na halal da na sata, har ta koyi bambance su. Jikokin irin wannan manhaja ne suka tare ni a Zariya.

Wanda ya riƙe akwatin Yahoo a wancan zamani ma ya ga wannan sauyi da idonsa, ko bai san sunansa ba. Ka tuna yadda za ka biya kuɗin awa ɗaya a kafe, rabinta ta ƙare wajen share tarkacen saƙonni? A 2002 wani mai suna Paul Graham ya yaɗa wata dabara mai sauƙi, wadda ya jingina da lissafin Thomas Bayes, wani limamin coci a Ingila da ya mutu tun 1761. Ka tara saƙonnin banza a gefe, na kirki a gefe, ka bar na'ura ta ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito a nan, sau nawa a can. Da sabon saƙo ya zo sai ta auna kalmominsa ta ce wannan ya fi kama da tulin hagu ko na dama. Ba wanda ya zauna ya rubuta mata doka, misalai ne suka koyar da ita, kuma duk saƙon da ka jefa kwandon shara ƙarin karatu ne gare ta. Kada in ɓoye, 'yan ƙasarmu masu wasiƙun 419 ba ƙaramar gudummawa suka ba wannan makaranta ba. A yau kamfanin Google na cewa Gmail na tare fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na irin waɗannan saƙonni kafin su iso ga mai akwati.

To amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Target, domin a cikinsa na ga kishiyar abin da ya same ni. Target kamfanin manyan kantuna ne a Amurka, yana da shaguna kusan 1,800 a lokacin. A ƙarshen 2013, daidai kakar cinikin ƙarshen shekara, wato kamar jajibirin Sallah a wurinmu, ɓarayi suka shiga kwamfutocinsa. Ba ta babbar ƙofa suka bi ba, kalmar sirrin wani ƙaramin ɗan kwangila mai yi musu aikin na'urorin sanyaya wuri suka sace, suka lallaɓa da ita har suka kai ga injinan da ake goga kati a wurin biya. Daga 27 ga Nuwamba zuwa 15 ga Disamba suna kwasa, suka tafi da bayanan kati miliyan 40.

Ka ce ba su da mai gadi? Suna da shi, mai tsada ma. Watanni kaɗan kafin nan suka kafa na'urar kamfanin FireEye, wadda ba ta tsaya ga kundin hoto ba: in baƙuwar manhaja ta zo sai ta kai ta wani keɓaɓɓen ɗaki ta sake ta, ta ga me za ta aikata. Kamar yadda mujallar Bloomberg Businessweek ta bankaɗo a 2014, na'urar ta yi ihu tun ranar 30 ga Nuwamba, ta sake yi bayan kwana biyu. Ma'aikatan da ke sa ido a Bangalo ta Indiya suka gani, suka sanar da hedikwata a Miniyafolis. Shiru. Na'urar tana da ikon goge cutar da kanta, amma an kashe wannan ɓangaren, an bar hukunci a hannun mutane. Sai da jami'an gwamnati suka ƙwanƙwasa musu ƙofa a tsakiyar Disamba sannan suka farka. Shugaban kamfanin, Gregg Steinhafel, ya sauka daga kujerarsa a watan Mayun 2014.

Da na fara karanta labarin na ce wannan ai sakarci ne tsantsa. Da na zauna na yi lissafi sai jikina ya yi sanyi. Mu ƙaddara mai gadi ne gwani, wanda ba ya kuskure sai sau ɗaya cikin dubu. In mutum miliyan ɗaya suka bi ta ƙofarsa a yini, ka ga zai yi wa mutum dubu ihun ɓarawo alhali ba su ci ba ba su sha ba, ɓarayin gaske kuwa wataƙila ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wanda aka ɗora wa tashi duk lokacin da aka yi ihu, ran farko zai tashi, ran na biyu zai tashi, kafin wata ya cika kunnensa ya mutu. Saboda haka mai gida na tsakanin abu biyu. Ko ya ce wa na'ura ki yi ihu kawai ni zan duba, ya zama Target. Ko ya ce ki rufe ƙofa da kanki, ya zama bankina, wani bawan Allah ya tsaya a barandar asibiti yana sauraron kiɗa. Ni ne ɗaya cikin dubun nan. Kuma ko yanzu da na gane dalili, ba zan ce an kyauta mini ba. Tunda sun san na'urarsu na rufe ƙofa da dare, ya kamata a ce akwai isassun mutane a farke da za su buɗe ta cikin minti biyar. Yaron nan ya gaya mini cewa babban aikin da suke ba ƙirƙirarriyar basira a ofishinsu yanzu shi ne tace ihun kansa: ta haɗa ƙararrawa ɗari da suka fito daga abu ɗaya ta mayar da su labari guda, ta jera su daga mafi haɗari, don ɗan Adam ya san wadda zai fara tashi dominta.

Kada kuma a ɗauka ba a yi wa sabon mai gadin wayo. A 2019 wasu masu bincike a Ostireliya suka ƙwaƙule riga-kafin kamfanin Cylance, wanda ake tallarsa da cewa basira ce zalla, suka gano yana da wani wasan kwamfuta da yake gani da mutunci ƙwarai. Sai suka yanko kalmomi daga cikin wasan suka liƙa a jelar sanannun cututtuka, ya buɗe wa mafi yawansu ƙofa. Ɓarawo ya naɗa rawani ke nan, mai gadi ya durƙusa ya gaishe shi.

Sannan ita wannan basira ba ta san halal da haram ba, duk wanda ya riƙe ta shi take yi wa aiki. A nan ne abin ya shafe ni a matsayina na mai sana'ar kalmomi. Shekara da shekaru babbar garkuwarmu ita ce kuskuren ɓarawo. Ko a satar da aka yi wa Babban Bankin Bangaladash a watan Fabrairun 2016, inda aka yi awon gaba da dala miliyan 81, wasu miliyan 20 sun tsira ne saboda ɓarayin sun yi kuskuren harafi wajen rubuta kalmar gidauniya da Turanci, wani ma'aikacin banki ya tsaya tambaya. Mu ma nan haka ne. In saƙon damfara ya zo da Hausa, daga layin farko za ka ji warin fassara, a mayar da mace namiji, a sa "ne" inda "ce" ta dace. Kwanaki na gwada ɗaya daga cikin manhajojin hira da suka yaɗu tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, na ce ta rubuta mini takardar sanarwa irin ta ofis da Hausa. Akwai inda ta yi tuntuɓe, amma wallahi na sha karɓar aiki daga hannun masu buga takardu da bai kai nata tsabta ba. Murya da fuska ma sun bi sahu. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo, ya ga babban jami'in kuɗinsu da abokan aikinsa suna magana, aka umarce shi ya tura kuɗi, ya tura kimanin dala miliyan 25. Duk waɗanda ya gani a taron na'ura ce ta ƙaga su.

Ga shi kuma mu Hausawa ba ta Imel aka fi zuwa mana ba, balle matatar Gmail ta tare mana. Mu mutanen baki ne, kiran waya da saƙon murya. Saƙonnin WhatsApp kuwa tun 2016 a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, kamfanin kansa ba ya karanta abin da ke ciki. Wannan alheri ne ta fuskar sirri, amma ma'anarsa babu mai tace maka kalmomin da ke shigowa kunnenka. In an riga an shawo kanka, wanda ya rage tsakanin ɓarawo da guminka shi ne wancan da na kwana ina tsine wa.

Bara waccan abin ya faɗo kan Baffana, ƙanin mahaifinmu, mai sayar da hatsi a Dawanau. Wani ya kira shi da rana tsaka, da Hausa tatacciya har da "ranka ya daɗe", ya ce daga banki ne, za a rufe masa BVN in bai tabbatar da wasu lambobi ba. Baffa da buhuna a gabansa da masu saye na jira, ya karanto masa na jikin kati, ya karanto wanda aka turo masa ta saƙo. Minti biyu sai ga alat, dubu 40 sun fita. Wannan bai tayar da ƙararrawa ba, don Baffa kan tura irin wannan adadi sau da yawa a yini. Da ɓarawon ya ga hanya ta buɗe sai ya zari sauran gaba ɗaya, kuɗin masara na mutane, sama da miliyan biyu, zuwa wani sabon asusu. Nan ƙofa ta rufe.

Ni na raka shi banki washegari. Muka yi layi, muka cike takardu, aka ce za a bi sawun dubu arba'in ɗin, mu dai yi ta addu'a. Da muka zo tashi Baffa ya gyara zaman hularsa ya ce da yarinyar da ke kan teburin, "'Yata, wane ne a cikinku ya hana sauran kuɗin fita? Ina so in yi masa godiya da bakina."

Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai ba mutum ba ne, kwamfuta ce."

Ya juyo ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "To madalla, Allah Ya yi mata albarka. Amma ki tambayar mini ita, lokacin da ake ɗaukar dubu arba'in ɗin tana ina?"